Hannuna a Cikin Zunguru

Kafin in ba ku labarin ranar lallena sai kun fara sanin wuyana, don daga can abin ya taso.

Sunana Sa'adiyya, 'yar Malam Maccido mai albasa a Wurno. Lokacin da abin nan ya faru Turawa na nan ba su tafi ba, kuma mota ba ta biyowa ta hanyarmu sai ranar kasuwa. Tun ina 'yar talla maƙoƙo ya fito mini. Ba ni kaɗai ba ce, mata da yawa a unguwarmu suna da shi, ba wanda ya damu. Sai dai nawa ya ƙi tsayawa. Ya yi ta girma har ya zama in na kwanta rigingine numfashina da ƙara yake fita, in na haɗiyi tuwo sai na bi shi da ruwa. Da Baba ya ga haka ya ɗauke ni da Inna zuwa babban asibiti a birni. Likita Bature ya yanka ya cire.

Ba a jima da aikin ba na fara jin leɓɓana suna motsi, kamar kiyashi na yawo a kansu. Daga nan sai yatsu. Ina kwance ina kallo babban yatsana ya shige tafin hannu, sauran suka miƙe suka haɗe wuri guda, wuyan hannun ya lanƙwashe. Kun san hannun mai shirin ɗibar gishiri a ƙwarya? To haka. Na ce ya buɗe, ya ƙi.

Likita ya zo ya ƙwanƙwasa kumatuna da yatsa a gaban kunne, gefen bakina ya zabura shi kaɗai. Ya yi mini allura a jijiya, a hankali ƙwarai, na ji ɗumi ya bi jikina tun daga harshe har tafin ƙafa. Hannun ya saki.

Akwai wani ma'aikaci mai fassara wa likita, Malam Yusha'u, mutumin Rabah. Shi ya tsuguna ya yi wa Baba bayani.

"Bayan maƙoƙon akwai waɗansu 'yan ƙwayoyin nama huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkahwa ba. Su ka tsaron allin da ke cikin jini. In allin ya yi ƙasa, jijiyoyi su ɗaure. Nata sun ji ciwo wurin aiki, don maƙoƙon ya lulluɓe su. Mai yiwuwa su tashi, mai yiwuwa ba su tashi ba."

"To mi za a yi?" in ji Baba.

"Gari na nan cikin gwangwani, ta sha sahe da rana da marece. Wagga kwalba kuma mai na, ɗigo-ɗigo aka shan shi. Ta sha nono in an samu. Kahin kwalba ta ƙare a kawo ta a cika, ga sunanta nan jiki."

Muka dawo gida. Tabon ya bushe ya zama wani siririn layi. Inna ta ciro tsakiyarta ja, dutsen adon wuya, daga ƙasan adaka ta ɗaura mini daidai kansa. A karon farko tun da na yi wayo na duba madubi na ga ina da wuya.

A wannan wuyan Jelani ya gan ni.

Ɗan Goronyo ne, yana fataucin albasa zuwa birni, yana da keke baƙi wanda ya fi kula da shi fiye da rigar jikinsa. Irin albasa ya zo saye wurin Baba. Na kai musu fura zaure, ya karɓi ƙwaryar ya manta bai ce an gode ba. Mako na zagayowa ya dawo wai irin bai isa ba. Baba ya ce wa Inna, yaron nan in ya ci gaba da sayen iri haka, Goronyo ba ta da sauran wurin taka ƙafa.

Saƙonninmu ta bakin Laraba mai daddawa suke bi, wata bazawara da ke cin kasuwar Goronyo da tamu. Ba ta taɓa kawo saƙo yadda aka ba ta ba, sai ta ƙara masa gishiri.

"Mutumin naki yac ce in gaishe ki," za ta ce tana sauke ƙwarya. "Yac ce wane zane kika so, baƙin saƙi ko mai barage?"

"Ki ce mai duk wanda yag gani."

"Ni ban kai wagga magana. Yaro ya tuƙo keke har ƙahwahu sun kumbura, ki ce duk wanda yag gani? Na ce mai barage, kuma biyu."

"Laraba, ki ji tsoron Allah."

"Shi nika ji, shi as sa ban ce ukku ba."

Wani lokaci saƙon goro ne fari a ƙulle cikin ganye, wani lokaci ɗan turare a kwalbar da ba ta kai yatsa ba. Jelani ya san an yi mini aiki a wuya, duk gari ya sani. Ya ce da Laraba ta gaya mini tabo ba ya hana tsakiya kyau. Abin da bai sani ba shi ne gwangwanin da kwalbar da ke bayan randa a ɗakin Inna.

Tun ranar da muka dawo Inna ba ta yarda da garin maganin nan ba. Inna mai kaɗi ce, da hannunta take ƙona ƙashi ta daka allin da take shafa wa yatsa in tana murza mazari. Ta tsoma yatsa a gwangwanin ta lasa, ta taɓe baki.

"Wanga ai alli na."

"Haka Malam Yusha'u yac ce, Inna."

"Mun tahi birni, mun kwana ƙasa bakin asibiti, a sallame mu da alli cikin gwangwani. Ga shi nan cike da taskirata."

Duk da haka ta bar ni ina sha. Sai da kwalbar ta ƙare, daidai lokacin da manyan Jelani suka kawo gaisuwa aka sa rana. Baba ya ce zai bi motar kasuwa ya ciko. Inna ta ajiye mazari.

"Malam, ka tahi asibiti yanzu, ana maganar aure? Direba ya gani, 'yan kasuwa su gani. Kahin ka dawo zance ya riga ka Goronyo, ɗiyar Maccido ba ta warke ba."

"An ce kar a bari ta ƙare."

"Magani don rauni aka yi shi. Ga wuya nan, tabo ya bushe. In alli na, ni ka ba ta. Man kuma ga man shanu."

Baba ya dubi wuyana, ya dubi Inna, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Kada ku zagi Inna a ranku. Shekaru ta yi tana jin mata na cewa wa zai auri mai maƙoƙo. Yanzu ga mai so ya zo da kansa, daga gidan mutunci, kuma ni ma ina so. Tsoro ne kawai. Kullum da safe sai ta kankaro allinta a cikin kununa, ta zuba man shanu, ta tsaya a kaina har in shanye.

Kiyashin suka dawo leɓɓana. Farcena ya riƙa karyewa. Mai kitso ta ce gashina na biyo mataji. In na yi daka mai yawa ko na ɗauko tulu daga rijiya, sai hannun ya fara tattarewa. Na koyi yadda zan yi da shi. In ajiye taɓarya kamar na gaji, in shiga ɗaki, in zauna a kansa har ya buɗe.

Abin da ban iya gaya wa kowa ba shi ne ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Aka kawo lefe, mata suka cika tsakar gida suna ɗaga zannuwa, ga barage biyun Laraba, ga fatala, ga takalmin fata ja, ga kwalli da tozali a 'yar tandu. Suna guɗa, ni ina zaune kamar a bikin maƙwabta. Na san ina son Jelani kamar yadda mutum ya san sunan garinsu. Amma jin son ya tafi wani wuri ya bar ni. Har allura ta soke ni ina ɗinki, sai da na ga jini a farin zane na sani.

Sau ɗaya na yi magana.

"Inna, da an gaya ma Jelani."

"A gaya mai mi?"

Na ɗaga hannun. Ta kawar da kai.

"Bayan an ɗaura. In kin shiga ɗakinki ki gaya mai da bakinki. Yanzu ba shi ka yanke magana ba, mata na."

Na ce to. Da ina jin wani abu da wataƙila na yi gardama.

Aka sa ranar lalle ranar kasuwa, don baƙin Goronyo su samu mota. Da hantsi suka iso, mata wajen goma, gaba gare su Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifin Jelani. Doguwa ce, haƙoranta ja da goro da fure, ta yi ɗaurin kai kamar za ta taɓa rufin zaure. Da lallensu suka zo a kwando, da turaren wuta, da zunguru, dogon ƙoƙon nan da ake zura hannun amarya a ciki don lalle ya kama.

Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, aka lulluɓe ni da baƙin saƙi. Kafin a fara Inna ta sunkuyo kamar tana gyara mini mayafi.

"Ki yi kuka."

"Ba ni jin kuka, Inna."

"Ki nemo shi. Amaryar da ba ta kuka ranar lalle, ce aka yi ta ƙosa ta bar gidansu. Kina so Habi ta kai wagga Goronyo?"

Gwaggo Habi ta zauna gabana ta jawo hannuna na dama. Ta jujjuya shi.

"Wanga hannu bai san aiki ba ko? Dubi hwarce duk a karye."

"Aiki na yak karya shi," in ji Laraba daga baya. "Ku dai ku tanadi gero, ku gani in ta bar muku tsaba."

Mata suka yi dariya. Gwaggo ta shafe mini hannu da kwaɓaɓɓen lalle, mai sanyi, ta cika zungurun, ta zura hannun har gwiwa. Ta cusa ganye a bakinsa, sannan ta ɗauko tsumma ta naɗa a saman gwiwar hannun. Ta ja. Ta sa haƙori ta ƙara ja.

"Ki sassauta mata kaɗan, Habi," in ji Inna.

"Mu Goronyo ba mu ɗaurin wasa. Lalle in bai sha matsi ba, ruwan goro shika yi. Ɗiyarmu ta, sai ta hito jawur."

Ƙawayena suka fara waƙa. Na ga idon Inna a kaina ta ƙasan mayafi. Na nemi kuka, babu. Na tuna mutuwar kakata, babu. Sai na ce bari in yi abin da masu kuka ke yi. Na fara jan numfashi da sauri, ina shessheka, kafaɗuna na rawa. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, yarinya mai kunya. Na ji ya karɓu, na ƙara sauri.

Leɓɓana suka mutu. Fuskata ta ɗaure kamar an shafa mata koko ya bushe. A cikin zungurun na ji babban yatsana yana tafiya, sauran na binsa, wuyan hannun yana lanƙwashewa yana tokarar ƙoƙon. Wannan karon da ciwo, irin ciwon da ke bin ƙashi. Na so in zauna a kansa, ba hali.

Sai na hagu ya bi, shi da ke a fili kan cinyata. Gwaggo Habi na shirin shafa masa lalle ya tattare a cikin hannunta. Ta sake shi kamar ta taɓa wuta.

"Mi na na wanga?"

Ƙafafuna suka miƙe, yatsun suka lanƙwashe ƙasa. Na buɗe baki in ce a kwance mini, maƙogwarona ya rufe. Abin da ya fito wata ƙara ce siririya, kamar ɗan zakara mai koyon cara. Waƙa ta tsaya.

"Iska na," wata ta ce. "Sun shige ta."

"A kawo tazargade. A rufe mata kai."

Wata ta fara karatu a kunnena. Gwaggo ta kwance tsumman, ta kama zungurun tana ja. Ya ƙi fita, hannun ya cije a ciki. Ta ƙara ja har na ji kafaɗata za ta bi shi. Ni kuwa ina kallonsu duka daga nesa, ina ganin ɗan kunnen wata yana lilo, ina ganin kaza na tsattsagar lallen da ya zube. Na ce a raina ashe haka ake mutuwa, ba wani abu ba ne.

Inna ce ta ture su. Ɗan dutsen niƙa ne a hannunta. Ta dafe zungurun a ƙasa ta buga, ta sake bugawa, ya tsage. Lalle ya fantsama a zanen Gwaggo Habi. Hannuna ya fito a gaban kowa, kore shar, a tattare.

"Ba iska ba na," in ji Inna. Muryarta ba ta rawa. "Magani na yaƙ ƙare. A kira min Malam, a tsai da mota."



"Wane magani, Azumi?" in ji Gwaggo Habi, tana duban Inna.

Inna ta zauna a ƙasa. Ta tallabo kaina ta ɗora a cinyarta tana cewa, a hankali, ɗiyata, ja shi a hankali.

Ban san yadda muka kai birni ba. Na dai tuna buhunan albasa a bayana da rawanin Baba da ya warware bai kula ba. Maƙogwaron ya ɗan saki a hanya. A asibiti aka sake yi mini allurar nan mai ɗumi. Na ji ta bi harshena, ta sauka ƙirji, ta kai yatsu. Hannayen suka buɗe kamar ba su ba.

Malam Yusha'u bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi wa Inna sauƙi. Ita da kanta ta gaya masa zancen alli da man shanu, kanta a ƙasa.

"Allinki ba banza ba na, Inna," ya ce. "Amma in babu ɗigon man nan, hanji ba ya ɗaukar shi, wucewa shika yi. Kuma ba man shanu ba na, magani na anka narka ciki. Ba don rauni aka ba ta ba. Aikin ƙwayoyin nan da sunka mutu shika yi."

Ya ce ɗaurin da aka yi mini shi likita ma ke yi in yana son gane ko alli ya yi ƙasa, ya matse dantse ya jira ya ga hannu. Ya ce jan numfashi da sauri yana ƙara kawo shi. Ya ce kuma kada tsoro ya sa a ƙara ɗigo a kan abin da aka faɗa, yawansa na ɓata ƙoda, shi ya sa za a riƙa ɗibar jinina lokaci-lokaci a duba.

"Har yaushe?" na tambaya.

"Tun da ba su tashi ba har yanzu, ki ɗauka har iyakar rai."

"Haihuwa hwa?" Inna ce ta tambaya, ba ta dube ni ba.

"Tana haihuwa lahiya lau. Sai dai ciki da goyo, a zo a gyara awon magani."

Da aka sallame mu aka ba mu sabon gwangwani da sabuwar kwalba, don tsohuwar tana can bayan randa, ba wanda ya tuna da ita.

Mun dawo mun tarar an share tsakar gida, an kwashe tukwanen biki an mayar wa masu su. Jumma'ar ɗaurin aure ta riga ta wuce. Lallen ya kama rabin hannuna na dama, ja daga yatsu zuwa tsakiyar tafi, sauran fari. Laraba ta zo, ta sauke ƙwarya, a karon farko ba ta ƙara gishiri ba.

"Goronyo sun ce a dakata."

"A hwasa ko a dakata?" in ji Inna.

"A dakata sunka ce."

"Shi hwa?" na ce.

"Bai ba ni komi ba."

Na shiga ɗaki na sha ɗigona. Inna ta koma kaɗi, amma zaren sai tsinkewa yake yi. Ba ma maganar. Da safe ita ke ɗauko gwangwanin, ta auna, ta miƙo mini. Kiyashin suka fara raguwa. Ni kuma ina zaune ina jiran a aiko a kwashi lefe, kamar mai jiran a zo a ɗauki ajiyar wani.

Wata rana bayan la'asar na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Baba ya leƙo ya ce in fito zaure, sannan ya ɗauki buzunsa ya koma waje inda zai riƙa jin motsinmu.

Jelani na zaune a kan dakali, farar taguwa a jikinsa duk ta yi jirwaye da gumi. Ya rame. Na tsuguna daga gefe, na gaishe shi, ya amsa.

"Gwaggo tac ce hannun ya koma na tsuntsu," ya ce. "Innata tac ce hwarhwaɗiya ta. Laraba tac ce ba ta san komi ba, karo na hwarko tun da anka haihe ta."

Ban yi dariya ba. Na gaya masa duka, ƙwayoyin nan huɗu, da alli, da kwalba, da har iyakar rai. Yana sauraro yana murza hularsa. Da na gama na ga bai gane ba. Ji ya yi, bai gani ba. Sai na cire ɗan kwalina daga ƙarƙashin mayafi, na naɗa a dantsena na dama, na kama bakin da haƙori na ja iya ƙarfina.

"Mi kika yi?"

"Ka jira. Ka ga abin da za ka kai gidanku."

Muka zauna muna kallon hannun a kan gwiwata. Wani ya wuce da jaki a waje. Baba ya yi gyaran murya. Na fara zaton ba zai zo ba, sai babban yatsan ya motsa. A hankali ya karkata zuwa tafi, sauran suka fara matsowa. Bai kai na ranar lalle ba, amma ya isa a gani.

"Wanga kaɗan na, don ina shan magani," na ce. "Rannan har maƙogwaro."

"Shina ciwo?"

"Awo."

"To kwance mana."

"Ban iyawa da hannu guda."

Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙullin. Ya miƙo yatsu biyu ya kama bakin ɗan kwalin, bai taɓa fatata ba, ya ja. Ƙullin ya warware. Muka jira har jini ya dawo, yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

"Mi as sa ba ki aiko min ba?"

"An ce in bari sai an ɗaura."

"Ke kuma mi kic ce?"

"Ni ban ji komi ba, Jelani. Ko tsoron rasa ka ban ji ba."

Na ce a raina yanzu zai tashi, zai ce Allah ya ƙara sauƙi, in ce amin.

"Kwalbar da taƙ ƙare, tana nan?"

"Tana nan."

"Ɗauko min."

Na shiga na ɗauko ta bayan randa, har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Ya goge ta da bakin taguwarsa, ya duba sunana a jiki, ya sa a aljihun ƙirji.

"Guda hannunki, guda hannuna," ya ce. "Ba ni mako ban shiga birni ba. Kahin taki ta ƙare, wagga ta cika. In 'yan kasuwa sun gani, su ce ni ka ciwo."

Ya tashi ya fita wurin kekensa. Na zata tafiya zai yi, sai ya dawo da wani dogon abu a naɗe cikin buhu, ya ajiye gabana. Zunguru ne sabo, ko ƙamshin ɗanye bai bar shi ba.

"Innarka ta yarda?"

"Ba ta yarda ba. Tac ce ba ta aiki da ji, sai ta gani. Jumma'a tana tahe da kanta, ita za ta ɗaura miki."

"In ta matse hwa?"

"Innata ta, matsewa za ta yi." Ya gyara hula. "Ki sha maganinki. Kuma kar ki yi ma kowa kukan ƙarya."

Ya yi wa Baba sallama. Na ji ƙararrawar tana nisa, ba ta hanyar Goronyo ba, ta hanyar birni.

Na ɗauki zungurun na shiga gida. A tsakiyar tsakar gida wani abu ya taso mini daga ƙirji, mai zafi, na tsaya ban san ko mene ne ba sai da na ga ɗigo a kan ƙoƙon. Kuka ne, na gaske, wanda aka nema ranar lalle aka rasa. Tare da shi tsoro ya zo, tsoron Jumma'a, tsoron hannun matar da ban taɓa gani ba. Na zauna a bakin rijiya na riƙe shi da kyau, ina jan numfashi a hankali, ina sakewa a hankali, kada ya ja mini wani abu.

Inna ta fito da mazari a hannu. Ta ga zungurun, ta ga fuskata.

"Mi yac ce?"

"Inna, ɗauko min gwangwani," na ce. "Marece ya yi."